Sel ɗin kansa sun mutu bayan an zuba musu lifosom: saƙon ne ya kashe su, ko ɗan aiken?

Ƙanwata, sau biyu na karanta tambayarki kafin in zauna amsa ta, domin abin da ya same ki ya sami kusan duk wanda ya taɓa yin wannan aiki, har da ni. Kin ce kina rainon ƙwayoyin halittar kansar mama, sel ɗin da ake kira MCF-7, a ɗakin bincike a nan Kano. Kin shigar musu da filasmid, wato ƙaramin zoben DNA, mai ɗauke da wata ƙwayar gado da kike zaton tana dakatar da kansa, kin yi amfani da Lipofectamine 2000, sinadarin lifosom da ke kai DNA cikin sel, da gari ya waye kika tarar kusan rabinsu sun dunƙule, sun saki faranti suna yawo a cikin ruwa. Har kin fara hamdala, sai kika leƙa gurbin da kika zuba wa filasmid fanko, wanda bai ɗauko komai ba, kika ga shi ma haka ya kwana. Shi ne kike tambaya ko sinadarin ne mai guba, ko hannunki ne ya kuskure, kuma ko ki nemi kuɗi ki sayo wani iri.

Ki fara da gode wa Allah da Ya sa kika ware gurbin nan na filasmid fanko. Da babu shi, da yanzu kin rubuta a kundinki cewa ƙwayar gadonki ta kashe kashi 50 cikin 100 na sel ɗin kansa, kin gina babi guda a kan abin da bai faru ba. Maganar guba kuwa, e, sinadarin yana da ita, kuma wannan ba alamar jabu ba ce, a cikin yadda yake aikinsa take. Amma ki riƙe kuɗinki tukuna. A yawancin lokutan da na ga irin wannan, kwalbar da ke hannun mutum ta ishe shi. Yawan abin da yake zubawa da halin da sel suke ciki a ranar, su ne ke neman gyara.

Bari in fara da yadda abin yake shiga, don in kin gane wannan sauran za su zo miki da sauƙi. Fatar sel maiƙo ce falle biyu, kuma bayanta yana ɗauke da caji negatif. DNA ita ma negatif ce, ga ta ƙatuwa. Negatif biyu ba sa shan inuwa ɗaya, saboda haka in kika zuba DNA tsirararta a kan sel, a waje za ta yi ta yawo har ta lalace. Lifosom 'yar mitsitsiyar jaka ce ta maiƙo, irin wadda Alec Bangham ya fara bayyanawa a Ingila a shekarun 1960. A 1987 Philip Felgner da abokan aikinsa a Amurka suka haɗa wani maiƙo mai caji fozitif da suka kira DOTMA, suka nuna yana rungumar DNA ya dunƙule ta, ya kai ta cikin sel. Daga nan aka samu Lipofectin, wato DOTMA da wani maiƙo mataimaki mai suna DOPE, rabi da rabi. Lipofectamine na farko kuma DOSPA ne kashi 3, DOPE kashi 1. Na 2000 da na 3000 kamfanin ya riƙe sirrin haɗinsu, amma tushen dabarar bai canza ba: maiƙo mai caji fozitif.

Dunƙulen nan na DNA da maiƙo yana manne wa fatar sel saboda caji, sel ya haɗiye shi cikin wata jaka da ake kira endosom. In ya zauna a jakar, ƙarshensa narkewa ne. Dole sai ya fasa ta ya fito, kuma nan ne maiƙo irin DOPE ke aiki, yana lanƙwasa fatar jakar har ta yage. To, tsaya nan ki yi tunani. Abin da ya iya yaga fatar endosom, me zai hana shi taɓa fatar waje ta sel, ko fatar mitokondiriya inda sel ke samun ƙarfinsa? Duk maiƙo ne dangi ɗaya. Wannan ɗan aike ba shi da mabuɗi, sai ya ɓalle ƙofa yake isar da saƙo. In kin aika biyu ko uku, masu gida za su gyara ƙofarsu su ci gaba da harkarsu. In kin aika ɗari, gidan zai rushe kafin a buɗe wasiƙar.

Ki dubi siffar maiƙon kansa: kai mai caji mai son ruwa, wutsiya mai son mai. Siffar sabulu ke nan. Yadda garin wanki ke narkar da maiƙon tukunyar miya, haka wannan ke iya yi wa fatar sel in ya yi yawa. Wasu magungunan da ake goge teburan asibiti da su ma 'yan'uwansa ne na kusa, masu kai iri ɗaya da cajin da ba ya gushewa. Shi ya sa mutuwa iri biyu za ki gani. Akwai ta gaggawa, cikin 'yan awoyi, inda fatar waje ta huje abin ciki ya tsiyaye. Akwai kuma mai jan ƙafa, inda mitokondiriya ke rasa cajinta, sinadarai masu ƙuna na iskar oksijin su taru, sel ya shiga tsarin kashe kansa da muke kira afoftosis. Wannan ta biyun ita ce mai ruɗarwa, domin a ido da a yawancin gwaje-gwaje kamanninta ɗaya da mutuwar da kike fatan ƙwayar gadonki ta jawo.

Har mahaɗin da ke tsakanin kai da wutsiya yana da nasa tasiri. Na DOTMA mahaɗin irin da ake kira ether ne, sel ba ya iya warware shi da sauƙi, don haka yana daɗewa a ciki. Na DOTAP, wani maiƙon mai caji fozitif, mahaɗin esta ne, sel yana da sinadaran da ke tsinka shi. Masana sun yi shekaru suna fama da wannan matsala ta caji na dindindin kafin su kai ga maiƙon da ba shi da caji a cikin jini, sai ya shiga tsamin endosom cajinsa yake tashi. Da irinsa aka yi maganin Onpattro da aka amince da shi a 2018, da allurar rigakafin korona ta mRNA a ƙarshen 2020. Na kawo wannan ne don ki san matsalar da ke kan teburinki tsohuwa ce, manya sun sha fama da ita.

Sai dai ruwa ba ya tsami banza, kuma ba maiƙo kaɗai ne abin tuhuma ba. Filasmid ɗinki daga cikin bakteriyar E. coli kika ciro shi, bakteriyar kuma tana da guba a bangonta, endotoksin, wadda ke bin DNA in an yi ƙaramin tacewa na yau da kullum. Za ki auna ki ga lambar tsafta ta 260 bisa 280 ta ba ki 1.8 cif, ki yi murna, alhali wannan awo ba ya ganin endotoksin ko kaɗan. Ragowar barasar wanki ko gishiri ko fenol su ma suna ƙara nasu. In da hali, ki yi amfani da kayan tacewar da aka rubuta ba sa barin endotoksin, ki bar DNA ta bushe sosai daga barasa kafin ki narkar da ita.

Ko da DNA ɗin tsaf take, sel ba ya maraba da ita. A wurinsa, DNA da ke yawo a waje da cibiyar sel, inda DNA ɗinsa take zaune, alama ce ta ƙwayar cuta ta shigo. Akwai wani mai gadi a ciki, cGAS, wanda aka gano a 2013, shi ke jin ƙanshinta ya tada wani furotin mai suna STING, daga nan a fara fitar da intaferon, saƙon gargaɗi na garkuwar jiki, girma ya tsaya, wasu sel su mutu. Nau'o'in sel sun sha bamban a nan. HEK293T, wanda kowa ke yabo saboda sauƙin shigar masa da DNA, wannan hanya tasa kusan a kashe take. Kuma shi asalinsa ba daga kansar majiyyaci aka ciro shi ba, daga sel ɗin ƙodar tayi aka samar da kakansa HEK293 a Holan a 1973. HeLa daga kansar bakin mahaifa ta Henrietta Lacks aka samo shi a 1951, yana ɗauke da ƙwayar cutar HPV da ta rikita masa garkuwa. MCF-7 naki daban ne da su duka. Saboda haka in wata 'yar'uwa ta ba ki awon da ya yi mata aiki a HEK293T, ki karɓa da godiya, amma kada ki zuba shi kai tsaye a kan naki.

Wani abu da mutane da yawa ba sa lura da shi: sau da yawa maiƙo da DNA a haɗe sun fi kowannensu shi kaɗai guba. Za ki iya zuba sinadari zalla ki ga sel lafiya lau, ki zuba DNA zalla ki ga lafiya lau, ki haɗa su ki ga ɓarna. Shi ya sa gurbin sinadari zalla bai isa shaida ba. Shaidar gaske ita ce wadda kika riga kika yi, filasmid fanko, kuma sai ya zama gangar jikinsa ɗaya da naki, nauyin DNA ɗaya, tacewa ɗaya, a rana ɗaya. A kowane faranti ki ajiye gurbin da ba a taɓa ba, da na sinadari zalla, da na filasmid fanko, sannan naki. In siRNA kike amfani da shi, wato gajeren RNA mai rufe bakin ƙwayar gado, to madadin filasmid fanko shi ne siRNA mai hargitsattsen jeri wanda ba ya nufin kowace ƙwayar gado.

Akwai tambayoyi biyu da za ki yi wa kanki ba tare da kin kashe ko sisi ba. Yaushe suka fara mutuwa? DNA tana buƙatar lokaci kafin ta isa cibiya, a karanta ta, a ƙera furotin. Yawanci sai tsakanin awa 24 zuwa 48 furotin ke kai ƙololuwa. In kin leƙa bayan awa 5 ko 6 kika ga sel sun fara dunƙulewa, to wasiƙar ba a ma buɗe ta ba, ɗan aiken ne. Tambaya ta biyu: guda nawa suka karɓi saƙon? A ce filasmid mai haske, wanda ke sa sel ɗin da ya karɓe shi ya haskaka, ya nuna miki 3 cikin 10 ne DNA ta shiga, ga shi kuma 5 cikin 10 sun mutu. Ta yaya ƙwayar gado za ta kashe sel ɗin da ba ta shiga ba? Sai fa in furotin ɗin irin wanda ake fitarwa waje ne ya taɓa maƙwabta, wannan kuma hujja ce da sai kin kawo ta daban. Ki kuma tuna, waɗanda suka fi haɗiyar dunƙulen su ne suka fi saurin mutuwa, su saki faranti, ki wanke su ki zubar. Waɗanda suka rage miki kina aunawa galibi su ne waɗanda ba su karɓi komai ba. Nan ne tarkon yake: mutum ya ga haske kaɗan, ya ce sinadari bai isa ba, ya ƙara, ya ƙara kashe masu hasken.

Yanzu ga abin da zan yi da ni ne a kujerarki. Zan ajiye filasmid ɗin bincike a gefe na mako guda, in sadaukar da faranti ɗaya mai gurbi 24 don neman awo. Tsohuwar takardar Lipofectamine 2000 ta ba da maikirogiram 0.8 na DNA da maikirolita 2 na sinadari ga kowane gurbi na irin wannan faranti, ta kuma ce a gwada daga rabin maikirolita zuwa 5 ga kowane maikirogiram ɗaya. Mutane suna riƙe lambar farko su manta ta biyu. Ki jera DNA a layuka, 0.25 da 0.5 da 0.8, ki jera sinadari a ginshiƙai, 0.5 da 1 da 1.5 da 2, kowane haɗi gurbi biyu. In kin yi haka farantin ya cika, sai ki ajiye gurabun shaida a wani. Ki yi amfani da filasmid mai GFP, furotin mai koren haske, in kuna da maikiroskof mai hasko shi. In babu, akwai tsohuwar dabara mai kyau: filasmid mai beta-galaktosides, a rina da X-gal, sel ɗin da ya karɓa ya zama shuɗi kamar an tsoma shi a marinar Ƙofar Mata, ki ƙirga da maikiroskof na yau da kullum. Abin da kike nema shi ne awo mafi ƙanƙanta da ya ba ki shiga mai gamsarwa alhali sel suna shimfiɗe da ƙafafunsu. Gurbin da ya fi kowa haske sau da yawa ba shi ba ne. Akwai riba ta biyu: kwalbar mililita 0.75, in kina zuba maikirolita 1, gurbi 750 ke nan, in kina zuba 2 kuwa kin raba biyu. Ga wanda ke sayen kaya da dala, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Yawan sel a ranar aiki yana da nauyin da ya kusa kai na awon sinadari. Gubar rabawa ake yi a tsakaninsu. Maikirolita 2 a kan gurbin da ya cika kashi 90 abu ɗaya ne, a kan wanda ya cika kashi 40 kuwa kowane sel ya sha fiye da ninki biyu. Don shigar da filasmid da wannan sinadari, ki bari faranti ya cika tsakanin kashi 70 zuwa 90. MCF-7 yana da wata ɗabi'a, yana girma ne tsibiri-tsibiri, a cunkushe a wuri ɗaya, fili a wani. Na gefen tsibiri su ke shan duka, na tsakiya ba abin da ke kai musu. Lokacin shuka ki warware su sosai da fifet har su rabu ɗaiɗai, ki ƙirga su, kada ki yi da ƙiyasin ido. Ki girgiza faranti gaba da baya, dama da hagu, kada ki juya shi kamar mai tankaɗe, don juyawa tana hana su baje daidai.

Sai maganar ruwan da suke ciki. Kin cire fenisilin da sitireftomaisin kafin ki zuba? Tsohuwar takardar wannan sinadari ta ce a cire, domin in fata ta yi laushi, antibayotik ɗin da a da yake tsayawa a waje sai ya kutsa ciki. Ki shuka su tun jiya a ruwan da ba shi da antibayotik. Siram kuwa, wato ruwan jinin da ake ƙara wa abincin sel, a nan ne na fi ganin kuskure. Haɗa maiƙo da DNA ne kawai ake yi a ruwan da ba shi da siram, irin Opti-MEM, domin furotin ɗin siram yana shiga tsakaninsu. Amma sel ɗin da ke faranti suna iya zama cikin siram ɗinsu, kuma yana rage musu raɗaɗi. Na sha ganin ɗalibi ya bar sel babu siram tun la'asar har hantsin gobe, ga yunwa ga guba. Bayan awa 4 zuwa 6 ki tsotse ruwan ki zuba sabo mai ɗumi. A lokacin yawancin abin da zai shiga ya shiga, abin da ya rage a waje cutarwa kawai yake yi. In kin zo zuba haɗin, ɗigo-ɗigo za ki bi gurbin da shi. In kika juye shi wuri guda, gobe za ki ga da'ira fayau a tsakiya inda komai ya mutu.

Akwai kuma abubuwan da takardar kamfani ba za ta gaya miki ba, don ba a Kano aka rubuta ta ba. In ta ce a bar haɗin minti 20 a zafin ɗaki, tana nufin digiri 20 zuwa 25. Ɗakinmu a watan Afrilu, in na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, ya yi nisa da wannan. Dunƙulen yana ci gaba da girma muddin yana zaune, ya zama gudaji kamar kunun da ba a dama da kyau ba. Gudajin nan su ne baƙaƙen ɗigon da za ki gani a maikiroskof, kamar an barbaɗa garin gawayi a kan sel, kuma inda suka sauka da yawa nan sel ke fara yin kumfa a ciki su tattare. Ki yi haɗin da sassafe, ki sa agogo, kada ki haɗa ki tafi wani aiki.

Kwalbar kanta a digiri 4 take zama, kuma ba a daskarar da ita. Wata shekara a wani ɗakin bincike da na yi aiki, wuta ta ɗauke kwana biyu, janareta kuma ya ƙi tashi. Wani abokin aiki, da kyakkyawar niyya, ya kwashe kayan firji ya zuba a firizar da ke riƙe da sanyi, har da kwalbar sinadarinmu. Da wuta ta dawo ta daskare ƙanƙara. Ba mu sani ba sai da shigar DNA ta faɗi, muka yi ta ƙara awo don mu cike giɓi, sel suka yi ta mutuwa, muka yi asarar makonni muna zargin filasmid. Tun daga ranar nake manna takarda a jikin kwalbar da babban rubutu cewa kada a sa a firiza. Ke ma ki tambayi yadda taki ta iso, kwana nawa ta yi a hanya, da sanyi ko babu, kuma wa ya taɓa ta tun zuwanta.

Inkubeta ma ki sa mata ido. Digiri 37 da iskar kabon kashi 5 ake so. In tukunyar gas ta ƙare cikin dare, ruwan zai tashi daga ja ya koma ruwan hoda mai duhu, sel ɗin da dama suna jinyar sinadari ba za su jure ba. Da hunturu kuma, lokacin da iska ta bushe ƙarau, in tiren ruwan da ke ƙasan inkubeta ya ƙafe, gurabun gefe na faranti mai gurbi 96 suna ƙonewa, gishiri ya yi yawa, ki samu mutuwar da ba ta da alaƙa da komai naki. Ki cika layin gefe da ruwan gishiri mai tsafta, ki yi aikinki a na ciki. Sannan maikofilasma, wata mitsitsiyar bakteriya da ke kama sel ɗin da ake raino. Ba ta gurɓata ruwa, ba a ganinta a maikiroskof ɗinmu, fenisilin ba ya taɓa ta don ba ta da bango, amma tana raunana sel ta rage shigar DNA. Sel ɗin da suka bi hannu da hannu daga wannan ɗaki zuwa wancan, ba wanda ya san sau nawa aka dasa su, su ne suka fi ɗauke da ita. Gwajin PCR guda ɗaya zai raba gardama, kuma na fi son ki kashe kuɗin a nan da ki sayi sabuwar kwalba.

Ba ki faɗi da me kika auna mutuwar ba, amma ina zaton MTT ne, don shi ne a hannun kowa tun da Tim Mosmann ya fito da shi a 1983. Ki sani MTT ba ƙirga rayayyu yake yi ba, ƙarfin aikin cikin sel yake aunawa, yadda suke mai da ruwan ɗorawa ya zama shunayya. Maiƙo mai caji kuwa mitokondiriya yake taɓawa. Don haka sel zai iya zama da rai amma a galabaice, MTT ya nuna ya faɗi. Haka in girma ne kawai ya tsaya, lambar za ta sauka ba tare da kowa ya mutu ba. Ki haɗa shi da wani awo mai duba fata: shuɗin tirifan kashi 0.4, wanda matattu kaɗai ke sha, ki ƙirga da hannu, ko awon LDH, wani furotin na cikin sel, da ya tsiyaye cikin ruwa. In za ki ƙirga, ki tara har da masu yawo a sama, kada ki zubar da su, su ne rabin labarin. Ga kuma wani abu na musamman game da sel ɗinki: MCF-7 ba shi da kasfes-3, furotin da ke aiwatar da afoftosis, wani yanki na ƙwayar gadonsa ya goge. In kika nemi afoftosis ta hanyar kasfes-3 kaɗai, ko ta tsanin gutsattsarin DNA a jel, za ki iya cewa babu alhali akwai. Rinin Aneksin V da PI, masu nuna sel ɗin da ke mutuwa, sun fi dacewa da shi.

Wajen lissafi, da filasmid fanko za ki gwada naki, ba da gurbin da ba a taɓa ba. A ce wanda ba a taɓa ba 100 ne, filasmid fanko 55, naki 50. Tasirin ƙwayar gadonki shi ne tazarar 55 da 50, kuma a cikin irin wannan ɓarna ba wanda zai iya rantsuwa cewa tazarar gaskiya ce. Ma'aunin ISO 10993-5 na gwajin guba a kan sel yana ɗaukar duk abin da ya sauke rayuwa ƙasa da kashi 70 a matsayin mai guba. Ni a nawa aikin, in filasmid fanko bai bar mini kashi 80 zuwa sama ba, ba na karanta sakamakon farantin, komawa nake yi neman awo. Dalilina shi ne, ko waɗanda suka rayu ba yadda suke a da suke ba. Sel ɗin da ya sha wuya yana kunna ƙwayoyin gadon kariya da na kumburi, kuma in za ki gwada maganin kansa a kansa daga baya, za ki ga maganin ya yi ƙarfin da ba nasa ba. Ki maimaita gwajin a ranaku uku daban-daban, da sabon haɗi kowace rana. Gurbi uku a faranti ɗaya gwaji ɗaya ne.

In kin yi duk wannan abin ya ƙi, a nan ne maganar canza sinadari ta taso. Lipofectamine 3000 da FuGENE HD sukan fi sauƙi a kan wasu nau'o'in sel, RNAiMAX kuma don siRNA aka yi shi. PEI, wanda aka fara amfani da shi a Faransa a 1995, yana da araha ƙwarai amma shi ma caji fozitif ne da tasa gubar. Kowanne kika ɗauko, sai kin sake farantin neman awo daga farko. Amma tun da tambayar bincikenki ita ce ko ƙwayar gado tana kashe sel, hanyar da ta fi kwanta mini a rai ita ce ki raba ranar shigarwa da ranar aunawa. Ki saka ƙwayar gadon a ƙarƙashin makunnin da maganin doksisaikilin ke kunnawa, ki shigar, ki zaɓi sel ɗin da suka riƙe ta da magani irin G418, ki raine su makonni har maiƙon ya zama tarihi. Sannan ki raba su biyu, ki kunna a rabi ki bar rabi, ki kuma zuba doksisaikilin a kan masu filasmid fanko don ki ga abin da shi kansa yake yi. Yana cin lokaci, sai ki zauna da malamin da ke duba aikinki ku ga ko watannin da suka rage miki za su ɗauka.

A wannan makon dai, ki shuka farantin neman awo ba tare da antibayotik ba, ki rubuta adadin sel ɗin da kika zuba a kowane gurbi da lambar dashensu, ki canza ruwa bayan awa 5, ki ɗauki hoton kowane gurbi a awa 6 da 24 da 48, ko da wayarki ce kika kanga a idon maikiroskof. In kin turo mini hotunan tare da ƙirgen shuɗin tirifan, za mu zaɓi awon tare.